Ɗana ya bugu a kai wajen ƙwallo, yaushe zai fara motsa jiki?

Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Kin ce likita ya tabbatar ƙwaƙwalwarsa ce ta girgiza, babu zubar jini a ciki, amma 'yan uwa sun dage ya kwanta a ɗaki mai duhu sai ya warke sarai. Wannan tsohuwar shawara ce. Masana girgizar ƙwaƙwalwa a wasanni da suka taru a birnin Amsterdam na ƙasar Holland a 2022 sun ce hutun kwana ɗaya zuwa biyu ya isa, sannan a fara 'yar tafiya a hankali.

A 2019 Dakta John Leddy na Jami'ar Buffalo a Amurka ya fitar da bincike kan matasa 103 da ƙwaƙwalwarsu ta girgiza a wasanni. Waɗanda suka riƙa motsa jiki mai ɗaga bugun zuciya na minti 20 kullum sun warke cikin kimanin kwana 13, masu miƙe gaɓoɓi kawai kuwa sai kusan kwana 17.

Sai ɗanki ya fara da tafiya da sassafe. In ciwon kai ko jiri ya ƙaru sosai, ya tsaya sai gobe. Ƙwallo kam, don Allah a dakata sai likita ya yarda, domin sake buguwa kafin ya warke shi ne babban haɗari. In ya fara amai akai-akai, ko farfaɗiya, ko barci mai wuyar tashi, ki garzaya da shi asibiti.