Na yafe mata, dole ne in sake ba ta amana?

'Yar'uwa, kin ce wadda ta cinye kuɗin adashenku na zumuntar mata ta roƙi gafara, kin yafe, amma kina tsoron sake ba ta ajiya. Wannan tsoron ba zunubi ba ne. Yafiya umarnin Yesu ce (Matiyu 18:22), amana kuwa a hankali take dawowa. Dubi Yusufu a Masar. Ya yi kuka saboda 'yan'uwansa, duk da haka sai da ya sa aka ɓoye ƙoƙonsa na azurfa cikin buhun Biliyaminu, ya ga Yahuza ya miƙa kansa a madadin yaron, sannan ya bayyana musu kansa. Ki gaishe ta da sakin fuska, ki zauna kusa da ita a sujada. Ajiyar kuɗi kuwa ta dakata tukuna, ta fara biyan bashin kaɗan-kaɗan.