Me ya sa CPY ke fita waje idan babu Vps34?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce: ta yaya enzayim mai sarrafa maiƙo zai yanke inda furotin zai sauka a cikin ƙwayar yis?

Enzayim ɗin shi ne Vps34, furotin ɗin kuma CPY (carboxypeptidase Y), wanda masaukinsa bakiyol ne, wato jakar da ƙwaya ke narkar da abubuwa a cikinta. Vps34 ba ya taɓa furotin ɗin. Yana ɗora fosfet ne a matsayi na 3 na maiƙon PI (phosphatidylinositol), sai a samu maiƙon da ake kira PI3P a bangon endosom, wato zangon da ake tantance kaya a cikin ƙwaya. Wannan maiƙo kamar tambarin da ake buga wa buhu ne a tasha, da shi masu dako ke gane inda za su tsaya. Furotin masu sashen FYVE ko PX (sassan da ke gane PI3P), irin su Vps27 da Vps5, a kansa suke kamawa.

Furotin Vps10 ne ke ɗauko CPY daga Golgi, wato inda ƙwaya ke shirya furotin ta raba su, ya kai endosom, sannan a mayar da shi Golgi ya sake ɗauko wani. Idan babu Vps34 babu PI3P, idan kuma babu PI3P, komawar Vps10 ta lalace, sai CPY ya bi hanyar fita wajen ƙwaya maimakon bakiyol. Ɗakin binciken Scott Emr ne ya tabbatar da aikin Vps34 a 1993.

Inda ɗalibai suke yawan zamewa: Vps34 na aiki cikin rukunin furotin guda biyu. Mai Vps38 shi ne na rabon CPY, mai Atg14 kuma na otofaji ne, wato yadda ƙwaya ke narkar da wasu sassan jikinta. Kada kuma ka haɗa shi da Fab1, enzayim mai yin wani maiƙon daban, PI(3,5)P2. Idan babu Fab1, bakiyol yana kumbura ƙwarai.

Idan gwaji za ka yi, ka zauna da malamin bayokemistiri ya duba tsarinka tukuna, domin ƙwayar yis da aka cire wa VPS34, wato ƙwayar halittar (gene) da ke samar da Vps34, ba ta jure zafi.