Malamar da take sauya hanya in ta hango ka

Ƙanena, ka ce ka shiga ajin wata malama, ka zauna a baya har darasi ya ƙare, sannan ka miƙa mata takarda ɗauke da gyara goma sha ɗaya. Tun daga ranar, in ta hango ka sai ta sauya hanya. Kana tambaya ina ka kuskure, alhali duk abin da ka rubuta gaskiya ne.

Ban musa ba. Amma aikin sufeto ka yi, ba namu ba. Sufeto kan zo ya auna, ya rubuta rahoto, ya tafi. Mu masu tallafa wa malamai gobe muna nan, jibi muna nan, kuma jarinmu ɗaya ne: malami ya yarda ya buɗe mana ƙofar ajinsa ko da ranar darasi ya ƙi tafiya.

Ni ma na yi irin taka a shekarata ta farko. Malamin lissafi ne, ya girme ni a aikin nesa ba kusa ba. Ya karɓi takardar, ya ninke ta huɗu, ya sa a aljihu, ya ce, "Na gode, Malam." Sai da zangon karatu ya ƙare kafin ya sake barina in zauna a ajinsa. Har yau abin na damuna, domin yaransa ne suka yi asara.

Je ka same ta hannu babu takarda, ka ce ka yi gaggawa, ka nemi afuwa. Sannan ka tambaye ta, "Malama, mene ne ya fi ci miki tuwo a ƙwarya a ajin nan?" Ka ja bakinka ka yi shiru. Wataƙila ta ce yara ba sa amsa tambaya, kullum ukun nan na gaba ne ke ɗaga hannu. To, nan aikinka ya fara, don da bakinta ta zaɓa.

In ka koma ajin, kada ka rubuta "darasi bai yi armashi ba", wannan hukunci ne. Ƙirga za ka yi. Zana jerin kujeru a takarda, ka ɗiga alama ga duk yaron da ya yi magana. Ka sa ido a kan agogo, ka ga daƙiƙa nawa take jira bayan ta jefa tambaya. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta auna wannan tun farkon shekarun 1970, ta gano malamai kan jira kimanin daƙiƙa 1 kacal kafin su maimaita tambayar ko su nuna wani yaro. Da suka ja jiran zuwa daƙiƙa 3 ko fiye, amsoshin yara suka ƙara tsawo, masu shiru-shiru suka fara sa baki. Ajiye mata zanen a gabanta, ta ga layin baya fari fat babu ɗigo ko ɗaya. Gani ya kori ji.

Daga nan ku gwada tare a aji babu yara: ita ta yi tambaya, kai ka zama ɗalibi, tana ƙirga uku a zuciyarta. Bayan mako ka dawo ka sake ƙirgawa. Dawowar nan ita ce aikin. Wasu masu bincike kan horar da malamai, Bruce Joyce da Beverly Showers, sun nuna tun shekarun 1980 cewa abin da aka koya a taron bita ba kasafai yake shiga aji ba, sai in akwai mai bin malami yana taya shi gwadawa. Shi ya sa ban ɗora maka malamai da yawa ba.

Saura batun shugaban makaranta. Zai kira ka ya ce, "Yaya ka ga Malama wance?" Faɗa masa abin da kuke aiki a kai da sau nawa kuka zauna, amma kada ka auna masa ita. Ku daddale wannan da shi tun kafin ka sake shiga aji, ita ma ta sani. In ka ga ana cutar da yaro, wannan ba sirri ba ne, kai rahoto nan take.

Sauran gyara goman nan, ajiye su a jakarka tukuna. In kun zauna da ita, zo ka gaya mini abin da ta zaɓa.