Gida Ya Cika Da Dangi, Tsoho Na Jinya: Tambayoyinku Da Amsoshin Likita

Saƙonnin wannan makon kusan duk daga masu zama da iyaye tsofaffi suke, waɗanda biki ko hutun makaranta ya tara musu dangi a gida. Ga waɗanda na zaɓa.

Tambaya: Likita, yayata ta zo da yaranta huɗu, biyu suna mura da tari. Baba yana da shekara 81. Mu hana su shiga ɗakinsa?

Amsa: Su gaishe shi daga bakin ƙofa, kada su kwana a ɗakinsa, kada su sha da kofinsa, a riƙa wanke musu hannu da sabulu. Murar yaro takan zama ciwon huhu a jikin tsoho, don haka da zarar Baba ya fara numfashi da sauri ko ya ƙi abinci, ku kai shi asibiti a ranar. Idan kuma cikin manyan baƙin akwai wanda tarinsa ya wuce mako 2, ya je a yi masa gwajin tarin fuka. Gwajin da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni nake zaune da Inna, shekarunta 78, tana da hawan jini. Bikin ƙanena ya cika gida da mutane, har muka mayar da ita ɗakin baya. Yau kwana uku, da dare sai ta tashi tana sambatu, tana kiran mutanen da suka rasu. Jiya ma ba ta gane ni ba. Da rana kuma sai barci. Goggonmu ta ce jifa aka yi mata a cikin taron, ta sa ana yi mata hayaƙi, ana ɗura mata rubutu. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, ki kai Inna asibiti yau, kada ki jira a watse daga biki.

Tsohuwar da take cikin hankalinta makon jiya, ta rikice cikin kwana biyu ko uku, ba tsufa ne ya kawo mata haka ba, kuma ba hauka ba ne. Jikinta ne yake fama da wata cuta, ƙwaƙwalwa ce ta fara nunawa. Yaro idan cuta ta kama shi jikinsa yakan yi zafi. Tsoho kuwa sau da yawa ko ɗumi ba za ki ji ba, sai dai ya ruɗe. Alamar wannan ruɗewa ita ce tana zuwa tana tafiya: da safe ki ga kamar ta warke, magariba na yi ta dawo. Wannan sauƙin na safe shi ke yaudarar mutanen gida su ce hayaƙin ya fara aiki.

Abubuwan da suka fi jawo ta sanannu ne. Akwai cutar mafitsara, wadda ta yi yawa a tsofaffin mata. Akwai ciwon huhu da zazzaɓin cizon sauro. Akwai ƙarancin ruwa a jiki, da rashin yin bayan gida na kwanaki, da tsayawar fitsari. Sukari na iya faɗuwa ko ya hau. Wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari sukan rage gishirin jini har mutum ya rikice. Sai kuma ƙwayoyin da baƙi ke miƙawa da kyakkyawar niyya: maganin mura mai sa barci, diazepam, tramadol.

Yanzu ki dubi abin da biki ya yi wa Inna. An raba ta da ɗakin da ta san kowane lungunsa ko a duhu. Banɗaki ya zama sai an bi layi, tsohuwa kuwa da kunya, sai ta rage shan ruwa don kada fitsari ya dame ta. Ke da kike ba ta magani kina can wajen tukwane, ƙila an tsallake, ƙila mutum biyu sun ba ta sau biyu. Ga hayaniya har tsakar dare. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya rikita mai shekara 78.

Kafin ku fita, ki yi abu uku. Ki ce ta yi murmushi, ki ga ko baki ya karkace. Ki ce ta ɗaga hannu biyu, ki ga ko ɗaya na zubewa. Ki saurari maganarta, ko harshe ya yi nauyi. Idan kin ga ko da guda ɗaya, mai yiwuwa shanyewar ɓarin jiki ce, a tafi nan take, ko sutura kada a tsaya canjawa. Kada a ba ta asfirin, kada a sa mata ƙwayar hawan jini a ƙarƙashin harshe, har sai likita ya duba ta. Ki kwashe duk magungunanta a leda, na asibiti da na kemis da na gargajiya, ki tafi da su. Ki gaya wa likita ranar da abin ya fara da yadda take kafin nan. Za a auna sukari, a gwada fitsari da jini, a duba ƙoda, ƙila a ɗauki hoton ƙirji.

Maganar hayaƙi da ɗura kuwa, don Allah a daina. Wace irin jinya ce a rufe tsohuwa a ɗaki da hayaƙi, alhali ƙila huhunta ne ke ciwo? Wanda kuma yake cikin magagi ba ya iya haɗiya daidai. Abin da aka ɗura masa, ruwa ne ko rubutu ko kunu, huhu yake wucewa, daga nan sai zazzaɓi da shaƙewa. Tsofaffi da yawa wannan ɗurar ce ke ƙarasa su, ba ciwon farko ba. Babu likitan da zai hana addu'a. A yi mata a gefen gadon asibiti, a tofa mata, a shafa. Amma ba a zuba komai a bakin wanda bai farka sosai ba.

Na san ba za ki iya tsayawa gaban Goggo ki musa mata ba. Ki samu babban yayanku ko kawunku a keɓe, ki ce masa a haɗa biyu, addu'a da asibiti. Maganar jifa kuma a bar ta, domin gobe za a fara nuna wata baƙuwa da yatsa, zumunci ya lalace a kan cutar da gwajin fitsari zai iya ganowa.

Idan kun dawo gida, a mayar da ita ɗakinta. Mutum ɗaya ko biyu da ta saba da su su riƙa zama da ita, masu gaisuwa su shiga bibbiyu, su taƙaita. A buɗe taga da rana, a bar ƙaramar fitila da dare, a ba ta tabarau ɗinta, a riƙa gaya mata lokaci: "Inna, an kira la'asar." Ta sha ruwa kofi 6 zuwa 8 a yini, sai dai idan likita ya ƙayyade mata saboda zuciya ko ƙoda. Kada a ɗaure ta, kada a sayo maganin barci. Dawowar hankalin na iya ɗaukar kwanaki ko makonni. Idan ta ƙara rikicewa, ko barcin ya yi nauyi har ba ta tashi, a koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka ba ku ba.

Tambaya: Kowa ya zo sai ya kawo wa Baba tsire, alkaki da lemo. Yana da ciwon sukari da hawan jini, kuma ba ya son mayar da hannun kyauta baya.

Amsa: Ya karɓa ya sa albarka, ku kuma ku raba wa yara. Nama kamar faɗin tafin hannunsa ba laifi, a karkaɗe yajin, a cire kitsen. Lemon kwalba ɗaya na ɗauke da sukari kusan cokalin shayi 9, kuma maltina ma sukari ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, wato kimanin cokalin shayi ɗaya, har da na cikin magi. Miyar taro ta wuce haka nesa, don haka a ɗebi tasa kafin a zuba.

Abin da ya fi ba ni tsoro a ranar taro shi ne jinkirin abinci. Idan ya sha ƙwayar ciwon sukari ta glibenclamide ko ya yi allurar insulin da safe, abinci bai sauka ba sai la'asar, sukarinsa zai faɗi: gumi, rawar jiki, ruɗewa. In awon sukari ya nuna ƙasa da 70, a jiƙa sukari cokalin shayi 3 zuwa 4 ya sha, a sake awo bayan minti 15, sannan ya ci abinci. In ya suma, kada a ɗura masa komai, a kwantar da shi ta gefe a tafi asibiti.

Tambaya: Kawunmu ya zo ya ga magungunan Baba, ya ce su ke cinye masa ƙoda, tunda awon hawan jininsa ya sauka zuwa 130/80 a daina. Ya kawo jiƙo a jarka da wani garin maganin gwiwa.

Amsa: Haba! Awon ya sauka ne saboda maganin. A daina shi, cikin kwanaki zai koma sama, kuma ba lallai Baba ya ji komai ba sai ranar da ɓarin jiki ya shanye. Abin da ke cinye ƙoda shi ne hawan jinin da aka bari ba magani. Kawu zai koma garinsu bayan mako guda, ku za a bari da jinya.

Jiƙon jarka ba wanda ya san abin da ke ciki ko yawansa, wasu ma da kanwa ake haɗa su, ita kuwa tana ƙara hawan jini. Garin gwiwar da ake yabo wai yana aiki dare ɗaya, akan samu an daka ƙwayoyin asibiti a ciki, irin su diclofenac da dexamethasone. Na farkon yana huda ciki ya lalata ƙoda, na biyun yana kumbura fuska ya tayar da sukari. Idan Baba ya riga ya sha, ku duba bayan gidansa. In ya yi baƙi kamar kwalta, ko ƙafa ta kumbura, ko fitsari ya ragu, asibiti a ranar. Don ciwon gwiwa, farasitamol ƙwaya 2 masu miligiram 500, har sau 3 a yini, ya wadatar kafin ya ga likitansa. Mutum ɗaya tak ya riƙe maganin Baba, a manna takarda a bango ana yin alama duk lokacin da aka ba shi.

Tambaya: Ɗan ƙanwata mai shekara 2 ya haɗiye ƙwayar ciwon sukarin kakarsa. Mun ba shi manja, yanzu yana wasansa.

Amsa: Ku kai shi asibiti yanzu, da kwalin maganin a hannu. Manja ba ya karya komai. Ƙwaya ɗaya na iya faɗar da sukarin yaro bayan sa'o'i da yawa, har cikin barcinsa, shi ya sa ake kwantar da shi a sa masa ido. Kada a sa shi amai. Daga yau magani ya bar ƙarƙashin matashi, ya koma akwati mai makulli.

Tambaya: Kakarmu ta yi tuntuɓe da takalman baƙi a bakin ƙofa da asuba. Ba ta iya taka ƙafar, dangi sun ce a kira mai ɗori.

Amsa: A fara ɗaukar hoton ƙashi. Idan ƙafar ta gajarta ta juya waje, ga ciwo a matsematsi, mai yiwuwa ƙashin ƙugu ne ya karye. Wurin yana can ciki, karan ɗori ba ya kama shi, ja da murza kuma ƙara raba ƙashin suke yi. Yawanci aiki ake yi, kuma gara a yi shi cikin kwana ɗaya ko biyu, domin doguwar kwanciya ita ke kawo gyambon baya, ciwon huhu da daskarewar jini a ƙafa. A ɗauke ta a kwance a kan abu mai ƙarfi, kada a tilasta mata tsayuwa. In ta bugi kai, ku lura da amai, ciwon kai ko yawan barci, ko da bayan makonni ne, ku koma asibiti. A kwashe takalma, butoci da wayoyin caji daga hanyar banɗaki, a sa fitila.

Tambaya: Ɗakuna sun cika, za mu shigar da janareta zaure saboda ɓarayi.

Amsa: A'a. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, amma tana kashe mutanen gida cikin barci. A waje, nesa da taga. Haka ma kaskon gawayi a rufaffen ɗaki.

Tambaya: Shekara 3 ina jinyar Mama ni kaɗai. Yayyena sun zo na mako guda, ba abin da suke yi sai gyara mini. Na gaji, Likita.

Amsa: Sannu, Allah Ya saka miki. Ki raba musu kwana tun yau, ke ki samu barci. Ki nuna musu yadda ake juya ta duk bayan awa 2, da yadda ake duba ƙugu da dugadugai ko fata ta canja launi. Ki tafi da babban cikinsu ganin likitanta, ya ji bayani da kunnensa. Kafin su tafi a zauna a yanke nawa kowa zai riƙa turowa na magani duk wata, da wanda zai zo ya karɓe ki da kuma yaushe. Ke ma ki je a auna jininki, kuma idan rashin barci ko yawan kuka ya wuce mako 2, ki gaya wa likita.