Magidanci da kallon katun ɗin yara: me shari'a ta ce?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni magidanci ne, shekarata 33, ina zaune a Amurka da iyalina saboda aiki. 'Yata mai shekara biyar ce ta fara kallon wani katun na ƙananan dawakai mai suna My Little Pony, ni kuma na riƙa zama kusa da ita don in san abin da take kallo. Malam, ba zan ɓoye maka ba, abin ya shiga raina. Yanzu ko ta yi barci nakan kalli kashi ɗaya ko biyu ni kaɗai. Darussan da ke ciki na gaskiya da riƙon amana da kyauta sun sa na nemi sulhu da wani abokina da muka shekara biyu ba ma magana. Daga baya na gano akwai maza manya da yawa masu son katun ɗin, har na shiga wani zaurensu a intanet, na kuma sayi 'yan mutum-mutumin dawakan na jera a ɗakina. Yayana ya ce wannan haramun ne, kuma kwaikwayon mata ne, maiɗakina ma kunyar abin take ji. Mene ne hukuncin abin da nake yi?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwana, na ji daɗi da ka faɗi abin yadda yake ba ka rage ba, domin hukunta abu sai an san kamanninsa. Saboda masu karatu da ba su san shi ba, wannan shiri na kamfanin kayan wasan yara ne mai suna Hasbro, wata mai zane, Lauren Faust, ta tsara shi. An fara nuna shi a Amurka a watan Oktoban 2010, aka rufe a 2019 bayan zango tara da kashi sama da 200, kowane kashi wajen minti 22. Don yara mata aka yi shi, sai ga shi samari da magidanta sun rungume shi, suka raɗa wa kansu suna brony, wato haɗin kalmar "ɗan'uwa" da ta "ƙaramin doki" a Turancinsu. Babban taronsu ya fara da mutum kamar 100 a New York a 2011, wanda suka yi na ƙarshe a Baltimore a 2019 ya tara sama da 10,000. Taurarin labarin 'yan goɗiyoyi ne shida, biyar daga cikinsu kowace tana wakiltar hali guda: gaskiya, tausayi, kyauta, riƙon amana da fara'a. Ta shidan tana wakiltar sihiri, kuma zan dawo kanta.

Asalin kallon da kake yi halal ne. Ƙa'idar malamai ita ce al'amuran rayuwa a kan halacci suke har sai dalili ya zo ya hana, kuma babu aya ko hadisin da ya ce abin da ya halatta ga yaro ya gani ya haramta ga babansa saboda yawan shekaru. Akwai wani hadisi da Abu Dawud ya ruwaito wanda kamar don tambayarka aka adana shi. Annabi (SAW) ya dawo daga yaƙin Tabuka ko Khaibara, iska ta ɗaga labulen ma'ajin Nana A'isha, sai ya hango 'yan tsanarta, a tsakiyarsu akwai doki mai fukafukai biyu na ƙyalle. Ya tambaye ta mene ne wannan, ta ce doki. Ya ce doki da fukafukai? Ta ce, ashe ba ka ji cewa Annabi Sulaimana yana da dawakai masu fukafukai ba? Annabi ya yi dariya har turamen haƙoransa suka bayyana. Ka lura, shugaban halitta ne dawowarsa daga fagen fama, ya tsaya ya kalli abin wasan, ya yi tambaya a kansa, ya ji daɗin amsar. Haka kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito ya tsaya yana kare Nana A'isha da mayafinsa tana kallon Habashawa suna wasa da māsu a masallaci har sai da ita ta gaji. Da Hanzala ya zo yana tsoron ya zama munafuki saboda yana shagala da iyali, Annabi cewa ya yi masa: lokaci da lokaci, ya Hanzala.

Sanya magana a bakin dabbobi don a koyar da hali ma ba baƙon abu ba ne, kuma ba ƙarya ba ce a shari'a, domin mai faɗa da mai ji duk sun san misali ne. Mu da muka tashi da Gizo da Ƙoƙi a bakin kakanninmu mun san haka.

Maganar yayanka ta kwaikwayon mata, ina girmama kishinsa, amma dalilin bai hau inda ya ɗora shi ba. Hadisin Ibn Abbas da ke Bukhari ya la'anci maza masu kamanta kansu da mata, kuma malamai sun fassara shi da sutura da ado da salon magana da tafiya, abubuwan da suka keɓanta da mata. Son gaskiya da tausayi bai keɓanta da mata ba. Wannan wuri ina so in daɗe a kansa, domin cutar tana damun mu ƙwarai. Mun tashi muna jin cewa namiji ba ya kuka, ba ya ba da haƙuri, ba ya cewa abokinsa na yi kewarka, har muka ɗauka taurin zuciya shi ne mazantaka. Aƙra'u bin Habis ya ga Annabi yana sumbatar jikansa Hasan, ya ce ni ina da 'ya'ya goma ban taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Annabi ya dube shi ya ce wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Wannan Annabin ne kuma idanunsa suka zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Saboda haka sulhun da ka yi da abokinka aikin lada ne babba, tunda an hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, kai kuwa kun kai shekara biyu. Ba ya rage maka lada don katun ne ya tuna maka. Shaiɗan da kansa ya koya wa Abu Huraira falalar Ayatul Kursiyyu, Annabi ya ce ya gaya maka gaskiya alhali shi maƙaryaci ne. Gaskiya karɓarta ake yi daga duk bakin da ta fito. Ka gaya wa yayanka cikin ladabi ya bar izgili, aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana wasu mutane yi wa wasu izgili. Idan kuwa wata rana ka kai ga sa gashin kanti mai launi ko shigar goɗiya kamar yadda wasu masoyan shirin ke yi a tarukansu, to a nan maganarsa ta hau kanka.

To amma kada ka tsaya da karatu a nan, domin abin da ya fi damuna ba shi yayanka ya ambata ba.

A cikin labarin akwai wata gimbiya mai suna Celestia, ita ce ake nuna tana fito da rana kowace safiya, ƙanwarta Luna kuma tana fito da wata, dawakai masu fukafukai su ke kora gajimare su saukar da ruwa. Kai mai shekara 33 ka san tatsuniya ce, kallonta ba ya taɓa imaninka muddin zuciyarka tana ƙin ma'anar. 'Yarka fa? Shekararta biyar, a wannan shekarun ne yaro yake tambayar wa ya yi rana, wa yake kawo ruwa. Hujjar da Annabi Ibrahim ya rufe bakin sarkin da ya yi jayayya da shi ita ce wannan, a aya ta 258 ta Suratul Baƙara: Allah ne yake zuwa da rana daga gabas, kai ka zo da ita daga yamma. Abin da Alƙur'ani ya kafa hujjar Ubangijintaka da shi, bai kamata ya shiga kan yarinya a matsayin aikin wata gimbiya ba tare da wani ya gyara mata ba. Haka sihiri. Cikakken sunan shirin ma cewa yake abota sihiri ce, kuma jarumar labarin ɗalibar sihiri ce da ake yabo. Na sani ba sihirin bokaye ake koyarwa a ciki ba, babu wanda zai kalla ya tashi ya iya tsafi, shi ya sa ban ce kallon kafirci ne ko haramun ne kai tsaye ba. Amma a addininmu sihiri yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa, yana biye da shirka a hadisin Abu Huraira, kuma sabawa da jin sunansa cikin yabo yana rage ƙyamarsa a zuciya. Akwai malaman da suka hana irin waɗannan shirye-shirye gaba ɗaya saboda wannan dalili, kuma maganarsu tana da nauyi. Abin da nake gani shi ne wajibi ne a kanka kada ka bar ta ta kalla ita kaɗai. Ka riga ta ganin kashin, ka tsallake wanda aka gina kan fito da rana ko tsafi, kuma ka gaya mata da bakinka, da harshen da za ta gane, cewa wannan ƙirƙira ce, Allah kaɗai ke fito da rana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In ka ga ba za ka iya wannan ɗawainiya ba, barin shirin ya fi, gare ta da gare ka.

Waƙoƙin da ke ciki suna da kiɗa. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun hana kayan kiɗa in ban da ganga mai fuska ɗaya a biki, Ibn Hazm da wasu sun halatta. Ni ina tare da mafi yawan, sai ka rage sauti ko ka wuce wurin.

Mutum-mutumin da ka jera kuwa hukuncinsu a fili yake. A mazhabar Malikiyya, surar mai rai wadda take da inuwa kuma gaɓoɓinta suka cika haramun ce, zanen da ba shi da inuwa kuma makaruhi ne in an ɗaukaka shi. An togace 'yan tsanar yara saboda hadisin Nana A'isha. Rangwamen na yara ne masu wasa da su, bai haɗa da magidanci ya jera su a kanta don ado ba. Ka ba wa 'yarka su shiga cikin kayan wasanta, ka daina saye. Riga mai hoton dawakan kuma kada ka yi salla da ita.

Sai zauren da ka shiga. Ba zan yi musu kuɗin goro ba, a cikinsu akwai masu tara kuɗi don marasa lafiya da mabukata, kuma Annabi ya yabi ƙawancen Hilful Fudul da Ƙuraishawa suka ƙulla kafin Musulunci don taimakon wanda aka zalunta. Amma sananne ne cewa wani ɓangare na masoyan shirin suna zana hotunan batsa da waɗannan dawakai suna yaɗawa. Wannan haramun ne babu saɓani, zana shi da kallonsa da tura shi, kasancewarsa zane ba ya sauƙaƙa shi, umarnin runtse ido a aya ta 30 ta Suratun Nur ya game shi. Duk zauren da irin wannan ke gilmawa, fita daga cikinsa wajibi ne. Ko a mai tsabta ma, ban so maka ka ɗauki sunan brony ka rataya wa kanka ba. Takensu na "so da haƙuri da kowa" yana da daɗin ji, amma a wurin da yawansu ma'anarsa kada ka ce wa komai kuskure, alhali mu an umarce mu da kyautata wa mutane tare da ƙin abin da Allah ya ƙi. Mutum yana kan addinin abokinsa, in ji hadisin Abu Dawud da Tirmizi, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Akwai abin da na karanta a tsakanin layukan wasiƙarka, ka gafarce ni in na yi kuskure. Ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da yake zama shi kaɗai da dare yana kallon labarin abokai shida da ba sa yar da juna, ina jin kewar abokai ce take damunsa. Zaman baƙunta a ƙasar da kowa ke rufe ƙofarsa yana da ciwo, babu majalisar bayan la'asar, babu wanda zai leƙo ya ce kwana biyu. Wannan ƙishin na gaske ne kuma ba abin kunya ba ne, amma allo ba zai kashe maka shi ba. Ka nemi masallacin da ya fi kusa da kai ka lazimci jam'i ko da Isha da Asuba ne, ka gayyaci mutum biyu cin abinci a gidanka, ka kira abokin nan da kuka shirya duk mako. Ka kuma buɗe littafin sira ka karanta zaman Annabi da Abubakar a kogon Saur, da yadda Sa'ad bin Rabi'u ya yi wa Abdurrahman bin Auf tayin rabin dukiyarsa ranar da aka ƙulla musu 'yan'uwantaka a Madina. Waɗannan sun faru da gaske, kuma su ne ya kamata 'yarka ta fara sani kafin sunayen dawakai.

Game da kallonka kai kaɗai, kashi ɗaya ko biyu lokaci-lokaci don hutawa babu zunubi a ciki bisa sharuɗɗan da na ambata. In ya fara cin lokacin sallar Asuba, ko haƙƙin maiɗakinka na hira da kulawa, ya koma haramun saboda abin da ya tozarta. Kunyar da take ji ma kada ka yi wasa da ita. Ka zauna da ita ka karanta mata wannan amsa, ka ji ta bakinta, in dare ne take son ka ba ta, ka ba ta.

Allah ne mafi sani.