Hukuncin 'ya'yan kashkash a burodi, da tsiron da ya fito a bayan gida

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina sana'ar burodi da kek a gida, nan Mabera. Bara wata 'yar'uwata da ke karatu a Turkiyya ta kawo mini wasu 'ya'yan tsiro da ba su kai riɗi girma ba, kashkash, ana barbaɗawa bisa burodi, masu saye kuma sun so shi. Ya ƙare. Da sanyin bana sai ga wani tsiro bayan gidanmu, fure rawaya, ganye da ƙaya, in an karya shi ruwa rawaya ya fito. Na ɗauki hotonsa, waya ta ce dangin kashkash ne, har na tara 'ya'yan gwangwani guda. Ƙanen maigidana ya ce duk haramun ne, da shi ake ƙwaya, Saudiyya ma ta hana. Mun yi cacar baki. Halal ne ko haram?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, kafin ki ƙarasa karanta wannan, tashi ki ɗauke gwangwanin nan daga inda yara za su kai hannu. Abu biyu kika faɗa, ƙaya da ruwa rawaya, su suka canza hukuncin. Wannan ba kashkash ɗin da aka kawo miki ba ne. Shi ne wanda mutanenmu ke ce wa haƙorin kada, yana fitowa da kansa a kangaye da bakin fadama idan rani ya shigo. Wayarki ba ta yi ƙarya ba, dangi ne, amma ba kowane ɗan dangi ake ba wa amanar tukunya ba. 'Ya'yansa baƙaƙe ne, mulmulallu, man da ke cikinsu kuwa guba ne: yana kumbura ƙafafu, ya taɓa zuciya da ido. A 1998 an gauraya shi da man girki a birnin Delhi na Indiya, mutum kusan 3,000 suka kwanta, sama da 60 suka mutu. Cinsa da sayar da shi haramun ne saboda cutarwa, wannan babu saɓani. In kin riga kin sa wa wani, a kai shi asibiti a faɗa wa likita gaskiya.

Shi kashkash na ci ba shi da ƙaya. Ganyensa sumul, kore mai toka-toka, ya rungume kara. Kwansonsa kamar ƙaramin ruman mai hula a ka. In an tsaga shi ɗanye, ruwa fari ke fita irin na tumfafiya. 'Ya'yan farare ne ko shuɗi-shuɗi, masu siffar ƙoda. Wannan farin ruwan in ya bushe shi ne afyun, daga gare shi ake fitar da mofin da kodin, kodin ɗin nan da ya ci mana matasa har gwamnati ta hana maganin tari mai ɗauke da shi a 2018. Ke nan ƙanen mijinki ba daga sama ya ɗauko maganarsa ba.

Sai dai hukuncin da ya yanke ban bi shi a kai ba, kuma na san akwai masu fatawa da irinsa. Hujjarsu ta farko: asalinsa ɗaya da afyun. To burkutu fa, da me ake yin ta? Da dawa. Wa ya taɓa haramta tuwon dawa? Inabi da dabino su ne giyar Larabawa lokacin da aka saukar da haramcin, ba a hana kowa cin su ba. Shari'a ta rataya hukunci ne ga abin da ke gusar da hankali, ba ga uwar da ta haife shi ba.

Ta biyu: hadisin abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Hadisin mun karɓa, wajen ɗora shi ne aka yi kuskure. Shi ɗan irin, wanda aka wanke aka gasa, ba ya bugarwa. Abinci ne mai maiƙo, Musulmin Turkiyya da Indiya sun daɗe suna cinsa a gaban malamansu. Abin da ake samu a jikinsa ɗan ɓurɓushin ruwan kwanso ne da ya shafe shi wajen girbi, wanki da wuta suna rage shi ƙwarai. Ko shi ɓurɓushin, malamanmu Malikiyya sun yi masa zama. Alƙarafi, wanda ya rasu a 684 bayan Hijira, ya rarrabe a cikin littafinsa Alfuruƙ tsakanin mai bugarwa irin giya da mai ɓata hankali ko sa barci. Na farko najasa ne, akwai haddi, ɗigonsa haramun ne. Na biyun mai tsarki ne, kuma haramcinsa yana kan gwargwadon da zai taɓa hankali. Masu sharhin Muhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya na Shehu Halil, sun sa afyun a kashi na biyu. Saboda haka burodin da kika sayar bara halal ne, kuɗinsa halal, farantanki ba su bukatar wani wanki na musamman.

Ta uku, wadda ta fi shiga kunnen jama'a: Saudiyya ta hana. Gaskiya ne, Daular Larabawa ma haka. Amma wannan doka ce ta hukuma don toshe ƙofa, tunda irin yana tsira in an shuka. Ba kowane abin da kwastan suka hana ne ya zama haramun a zatinsa ba. Bin dokar dai wajibi ne ga wanda ya shiga ƙasarsu. Ranar da Allah ya kira ki Umra, ko ɗaya kar ya maƙale a jakarki. Mun ga yadda goro ma ke jawo wa alhazanmu.

Halaccin yana da iyaka. Akwai masu jiƙa wanda ba a wanke ba su sha ruwan. Wannan shan afyun ne da wani suna, ya kuma kashe mutane a Turai da Amurka. Shukawa kuma kar ki soma, dokar NDLEA ta ambaci nomansa tare da na wiwi. Sannan wanda ya ci da yawa gwajin ƙwaya na iya kama shi, alhali bai sha komai ba. In mai saye ɗan neman aikin damara ne ko ɗalibin da za a gwada, faɗa masa wajibi ne a kanki. Ɓoyewa algus ne. Ni da za ki ji tawa, riɗi da habbatus sauda suna nan tuli a Tsohuwar Kasuwa, ba mai tsare ki a kansu.

Shi kuma ƙanen mijinki, kar ki kai masa wannan amsa kamar sammacin kotu. Hujjarsa ta kauce, amma ba don gardamarsa ba da yanzu abin da ke cikin gwangwanin nan yana cikin cikin 'ya'yan mutane. Ki gasa masa burodi, na riɗi. Tsiron kuma a tuge shi kafin kwanson ya fashe, a sa safar hannu saboda ƙayar, a ƙone shi tare da abin da kika tara.

Wallahu a'alam.