Idan kurakurai suka taru a manhaja: a tsaya a na farko ko a haɗa su?

Tambaya: Malam, ina rubuta manhaja da harshen Go wadda take karanta fayil ɗin sunayen ɗalibai da makinsu ta zuba a rumbun bayanai. Da zarar ta ci karo da layi mai matsala sai ta tsaya, a gyara, a sake kunna ta, ta kuma tsaya a wani layin. Shin daidai ne in tara kurakuran duka in nuna su lokaci guda? Idan daidai ne, ta wace hanya?

Amsa: Daidai ne, a irin wannan aikin naka ma ya zama dole. Amma kafin ka taɓa komai, ka fara rarrabe kuskuren da ya haifi wani da kurakuran da suka faru kowanne don kansa, domin ba magani ɗaya ake yi musu ba.

Idan fayil ya ƙi buɗuwa saboda babu izinin karanta shi, sai aikin ɗora maki ya gaza, wannan kuskure ɗaya ne da ya ratso matakai. Abin da ake yi shi ne a naɗe shi, wato kowane mataki ya ƙara nasa bayanin ba tare da ya ɓatar da asalin ba. Tun fitowar Go 1.13 a 2019 ake yin haka da fmt.Errorf da alamar %w, sannan errors.Is ya bi sawu har ya gano tushen.

Matsalarka kuwa ta ɗaya nau'in ce. A ce layi na 14 yana ɗauke da maki 105 alhali iyakarsa 100, layi na 230 kuma babu lambar rajista. Babu abin da ya haɗa su, saboda haka babu dalilin da zai sa malamin da ya cika fayil ɗin ya ji labarin na farko yanzu, na biyu sai ya sake kunna manhaja. Go 1.20, wanda ya fito a Fabrairun 2023, ya zo da errors.Join domin wannan. Ka tara kurakuran a jeri yayin da kake bin layukan, kowanne da lambar layinsa da sunan gurbin da ya lalace, a ƙarshe ka miƙa su ga errors.Join ya haɗa su ƙunshi ɗaya. Yana watsar da duk wanda yake nil (wato alamar babu kuskure), idan babu kuskure ko ɗaya ya dawo da nil, kuma errors.Is da errors.As (mai neman kuskure ta nau'insa) suna leƙa kowanne a cikin ƙunshin.  Ka lura da abu ɗaya da yake ruɗa mutane: errors.Unwrap, wanda ake warware kuskuren da aka naɗe da shi, ba ya warware abin da errors.Join ya haɗa, nil yake dawowa da shi.

Abin da ba na so ka yi ko kaɗan shi ne ka jona saƙonnin su zama dogon rubutu guda. Ido zai karanta, amma sashen manhajar da ya kira naka ba zai ƙara iya bambance maki mara kyau da fayil da ya ɓace ba, sai dai ya koma lalube cikin kalmomi, kuma ranar da wani ya gyara harafi ɗaya a saƙon komai ya rushe.

Sannan ba kowane kuskure ake tarawa ba. Idan haɗi da rumbun bayanai ya yanke, ka tsaya nan take, domin ci gaba ba zai haifar da komai ba sai saƙo iri ɗaya a kan kowane layi da ya rage. Shawarata ita ce ka raba aikin gida biyu: ka fara tantance fayil ɗin gaba ɗaya ba tare da rubuta komai ba, ka tara abin da ka samu, sai idan ya fito tas ka zuba bayanan a dunƙule, ta yadda ko duka su shiga ko kada ko ɗaya ya shiga. Ka kuma sa iyaka ga adadin da za ka nuna. Shi kansa mai harhaɗa Go, wato manhajar da take mayar da rubutun Go abin da kwamfuta za ta iya aiwatarwa, yakan dakata bayan kurakurai 10 ya ce sun yi yawa, sai in an umarce shi da ya fito da sauran. Kai ma ka nuna 20 ko 50 na farko, ka faɗi nawa suka rage, ka ajiye cikakken jerin a fayil na daban.